Buzun Malam a Gindin Durumi

A shekarar da sojoji suka sake miƙa mulki ga farar hula, na dawo gida Madabo daga bautar ƙasa da digiri a labarin ƙasa, ba aikin yi. Abin da nake da shi kawai wata tsohuwar kyamara mai fim ce da kawuna ya bar mini. Ba zan ce na iya ɗaukar hoto ba. Na dai san inda ake latsawa, kuma ina da haƙurin jira.

Mahaifina malami ne, Malam muke kiransa har mu 'ya'yansa. A wurinsa ba a suranta abu mai rai. Na san akwai malaman da suke ganin hoton kyamara daban ne, kuma ni ban kai in raba gardamarsu ba. Shi dai har ya tsufa ba shi da hoto ko ɗaya. Ranar da ya ga kyamarar a wuyana na tambaye shi, murya ƙasa-ƙasa, ko bishiya ma tana cikin hanin.

“Bishiya ba ta da ruhi,” in ji shi. “Je ka yi ta ɗauka. Amma ka tabbata ba ɗan Adam a ciki.”

Haka na kama yawon cikin gari. Akwai wata kuka a jikin ganuwa ta wajen Dukawuya, wadda idan hantsi ya dake ta sai fatarta ta yi sheƙi kamar tsohuwar tasa. Akwai giginyoyi biyu a bakin wani kududdufi, ruwan kore shar mai wari, amma inuwarsu a cikinsa ta fi su kansu kyau. Wahalar ita ce, a cikin birni duk bishiya da mutanenta. Sai na yi sallama, na roƙi masu zama su ɗan matsa.

“Mai digiri!” wani tela a Sheshe ya taɓa ce mini. “Mu da muke da fuska ka kore mu, ka ɗauki icce? In ka wanko ka ba shi kwafinsa.”

Bishiyar da ban taɓa ɗauka ba ita ce durumin ƙofar gidanmu, domin Malam ba ya rabuwa da gindinta. Nan buzunsa yake, da butarsa, da littattafansa. A damunar nan ƙafafunsa sun fara kumbura, sai an riƙe shi yake fitowa. A damunar ne kuma mutanen sabon kansila suka zo da jan fenti suka shafa wa durumin alamar za a sare shi. Za a ja lambatu ta lungun. Ba na zargin kowa; ruwa yana cin gidajenmu duk shekara, wannan gaskiya ne.

Wata safiya Inna, mahaifiyata, ta kira ni madafa. Tun da aka kawo ta gidan tana kulle, ba ta fita sai unguwa bayan magariba, lokacin Malam ya riga ya tashi. Ba ta taɓa ganinsa zaune a gindin bishiyar da rana ba.

“Ka ɗauko mini shi,” ta ce, tana iza wuta, ba ta dube ni ba. “Ko daga nesa. Ba sai ya sani ba.”

“Inna, kin san dai...”

“Na sani. Na fi ka sani. Ka kuma ga ƙafafun nan nasa.”

Na yi ta juya maganar. Umarninsa a gefe, roƙonta a gefe, duka biyun iyayena ne. Har na je na tambayi wani malami a wata unguwa, na ce wani abokina ne ya shiga wannan hali. Amsar da ya ba ni doguwa ce, na fito ban ƙaru da komai ba.

Ana gobe masu zarto za su zo, bayan la'asar, na tsallaka ɗaya gefen lungun na jingina da katanga. An yi ruwa da rana, ganyen durumin ya wanku, rana tana ratso shi tana sauka dabbare-dabbare a kan farar rigar Malam. Saiwoyin sun kewaye shi kamar kujera. Ta cikin gilashin kyamara na gan shi ɗan ƙarami, kansa sunkuye, yatsansa yana bin layin littafi. Ban taɓa ganin abu mai kyau haka ba, ina jin ba zan ƙara ba. Yatsana yana kan maɓalli.

Sai na ji bakina ya yi sallama. Ban shirya ba. Sabo ne, abin da na yi ta yi a gindin kowace bishiya.

Ya ɗago kai ya dube ni, ya dubi kyamarar.

“Durumin za ka ɗauka? Ka kyauta, gobe babu shi. Zo ka kama ni.”

Na je na ɗaga shi. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Na jingina shi da bangon zaure, yana haki, ya ce in ja baya sosai in samo har saman. Na ja baya, na latsa. Ko ya gane abin da na zo yi, ban sani ba. Bai taɓa tayar da maganar ba.

Aka sare durumin. Malam ya koma zama a zaure, daga baya a ɗaki, kafin kaka Allah Ya karɓi abinsa.

Inna tana cikin takaba na wanko fim ɗin. Ba ta tambaye ni ba, ni ma na daɗe da hoton a aljihu kafin na miƙa mata. Ta kai shi bakin ƙofa inda haske yake. Ga durumi har samansa, ga buzu, ga buta, ga littafi a buɗe da takalmansa a gefe.

“Ashe haka buzun ya sile,” ta ce. Can ta ce, “Shi yana ina?”

“Yana tsaye a nan, Inna. Jikin bango.” Na nuna mata gefen hagu, inda takardar ta ƙare.

Ta ajiye hoton a kan tabarma, ta ɗora yatsanta a wurin, kan tabarmar, ta bar shi a nan.