Takaba a Gareji

Da maigidana ya rasu, ya bar ni da 'ya'ya biyu da rabin jirgin sama. Ƙaramin jirgi ne mai kujera biyu, irin wanda kamfani ke aiko da sassansa cikin akwatuna, kai ka haɗa abinka a gida. Shekara da shekaru muna fama da shi a garejinmu na Woodbridge, a nan ƙasar Turawa, shi yana dasa ƙusa ta waje, ni ina tokare ta da ƙarfe ta ciki, har hannuna ya yi kanta.

Na shiga takaba. Aka ce kada in fita, na ce to. Kada in yi kwalliya, na ce dama ba ta gabana. Amma gareji ai cikin gida yake. Ranar da zaman falo ya ishe ni, na zura hijabi na koma kan aikin, ina huda farantan jikin jirgin ina share hawaye.

Masu zuwa gaisuwa suka fara jiyo ƙarar inji. Wata dattijuwa ta leƙo, ta riƙe baki. "Maman yara, mai takaba da guduma?"

"Hajiya, a wane littafi aka hana?"

Kafin Juma'a ta zagayo, maganar ta kai Kano.

Sai ga yayan mijina daga Germantown, ya zo kan batun gado. Ya tsaya a ƙofar gareji yana tattare babbar riga. "Wannan tarkacen sayarwa za a yi. Na samu wani Bature, ran Asabar zai zo da tirela."

Tarkace! Raina ya ɓaci ƙwarai. Ƙaninsa ya zuba kowace Lahadi ta rayuwarsa a nan, ni ma haka.

"Yaya, ina da tumunin takaba ko ba ni da shi?"

"Kina da shi mana."

"To jirgin nan ne tumunina."

"Haba! Kasonki a gidan Kano muka so fitar miki. Can ne makomarki in tsufa ya zo."

"A bar wa yara."

"Ki saki gida mai tushe ki kama abin da ko fuffuke bai yi ba? Wa ma zai tuƙa shi?"

"Wadda ta haɗa shi."

Ya ce taurin kai zai kai ni ya baro. Na ce in dai sama zai kai ni, na yarda. Malamin da ya raba gadon ya tambaye ni ko tilasta mini aka yi, na ce ko kusa.

Ina fita takaba na shiga makarantar koyon tuƙin jirgi. Har yau nawa jirgin bai tashi ba, kuma ba na sauri.

Bara na je Kano. Aka sauke ni a ɗakin baƙi, a gidan da ni na zaɓi tayil ɗinsa. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Na yi kwanakina, na dawo, washegari na ɗaura fuffuken hagu.