Sandunan Zogalen Malam

Ranar Talata ce. Bayan sallar asuba Malam, maigidana, ya ɗauki adda ya shiga kangon bayan gidanmu a Dukawuya. Nan kakansa yake ɗaure shanu a da. Shanun sun ƙare tun kafin a kawo ni gidan, sai ƙasa mai taki da suka bari.

Malam ya daina yarda da damina. Wata shekarar ruwa ya ɗauke lokacin da masararsa take goyo a ƙauye, wata shekarar ambaliya ta kwashe ta. Ya ce shi ya gama da shukar da ke mutuwa duk shekara. Ya cika kangon da zogale da shuwaka da gwanda da kurna, ga rogo a gindin katanga. Ruwan alwala da na ɗaurayar kwanuka muke ba su. Ko kasuwa ta gagara, gidanmu ba a rasa abin miya, haka ma rabin gidajen lungunmu. Ba wanda ya taɓa yin sallama ya koma hannu rabbana.

A ranar rassan zogale yake sara. Reshen ake kafawa a ƙasa ya kama, don haka da hadari ya fara haɗuwa yakan raba wa masu so. Yana sara, ina zage ganyen a faranti don kwaɗon rana. Sandunan suka fito tas, dogaye, masu kauri. Ya ɗaure su da igiya.

Wajen ƙarfe tara na ji ana rufe shaguna a bakin titi, ɗaya bayan ɗaya. Sai gudu. Sai fito irin na 'yan daba, da ƙarar adda ana goga ta a kwalta. Mun saba. Rigimarsu da 'yan wata unguwa ta daɗe, kuma ko su ba za su iya faɗa maka a kan me ba. Yawanci a titi take ƙarewa. Malam ya jira hayaniyar ta yi nisa, ya saɓa damin a kafaɗa. Ya ce gidan liman kawai zai miƙa, ga shi nan kusa. Na bi shi zaure don in sa sakata.

Bai yi nisa ba suka ɓullo ta ɗaya bakin lungun. Idanu jajir, warin sholisho ya riga su isowa. Na gabansu ya nuna shi da wuƙa.

"Ga mai kai musu gora!"

Malam ya tsaya. Ya sauke damin, ya zaro sanda ɗaya ya ɗaga sama. Na san abin da yake nufi. So yake ya karya ta a gabansu, su ga zogale ne. Itacen zogale ko akuya ka doka da shi, shi ne zai karye. Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya ya san haka. Amma waɗannan 'yan iskan a kwano kawai suka san zogale. Abin da suka gani shi ne mutum ya ɗaga sanda.

"Sare shi!"

Na ji saran farko. Bai yi ihu ba, salati ya yi. Na ga ƙofofin lungu suna rufuwa. Gidan Alhaji Sule, wanda matarsa ta aiko karɓar shuwaka jiya-jiya. Gidan tela. Gidan liman, inda za a kai sandunan. Ba wanda ya leƙo ya ce zogale ne. Dukansu sun sani, akwai irinsa a tsakar gidajensu, daga hannunsa suka karɓa. Har yau in na tuna, ba 'yan dabar nake fara tsine wa ba.

"Ku shiga gidan! Akwai saura!"

Na danna sakata na ruga ciki. Goggo, mahaifiyar Malam, tana kan tabarma da carbi. Ba ta ji sosai, ba ta san me ake ciki ba. 'Yata Hauwa tana wanki. Na ja su zuwa kango. Bayan gwanda akwai inda katanga ta zube a daminar bara. Hauwa ta haye, na tura mata Goggo. Mayafina ya kama a ƙayar kurna, na bar mata shi. Muna dira bayan katanga, ƙofar zaure ta faɗi.

Ina jin su ta bayan katanga. Sun sami addar Malam da ragowar rassan, suka ɗauki ihu kamar sun gano rumbun makamai. Sai sara, sara, sara. Gwanda in ta faɗi ba ta da ƙara sosai. Daga baya warin fetur ya taso.

Muka bi lunguna ba takalmi. Duk inda muka ji fito sai mu laɓe a zauren mutane har ya wuce. Goggo tana ta tambaya ina ɗanta, ni ina ce mata yana tafe. Ƙafarta ta gaza. Wani ɗan garuwa, baƙo, ko sunansa ban sani ba, ya sauke jarkokinsa a gefen hanya ya ɗora ta a kurarsa. Rana ta take tsaka muka isa gidan yayana Umaru a Gwammaja.

Yaya bai tsaya sa hula ba ya fita. Ya sami Malam inda ya faɗi. An lulluɓa masa buhu, iyakar abin da lungun ya iya yi ke nan. Kafin azahar magana ta zaga unguwa: wai ashe shi ke ajiye wa 'yan daba makamai, lambun rufa-ido ne kawai. Bakunan da suka ci ganyensa su suka yaɗa ta. Har da masu rantsuwa cewa sun daɗe suna zarginsa.

Bayan la'asar aka yi masa sallah, a ƙofar gidan da aka haife shi. Da Yaya ya dawo daga maƙabarta ya zauna a bakin ɗaki. Ya ce ɗakuna biyu sun ƙone, a kangon kuma ba abin da ya rage a tsaye. Na tambaye shi sahu nawa aka yi. Ya daɗe yana kakkaɓe ƙasar ƙafarsa. Ya ce ɗaya. Na ce ya cika? Ya ce a'a.