Mai Jifanmu na Farko

Ban taɓa mantawa da ranar da kwalejinmu ta buga wasan besbol na farko ba. Lokacin ina ƙaramin jami'in wasanni a nan Lafia. Wani malaminmu, Dakta Sabo, ya dawo daga karatu a waje da sanduna biyu, ƙwallaye da safar hannu ta fata, ya roƙi a ba shi gefen fili. Daraktan wasanni ya yarda, amma da sharaɗi: in muka ji kunya a wasan farko, wurin ya koma hannun 'yan ƙwallon ƙafa. Ni aka haɗa da Dakta, ni da ko a talabijin ban taɓa ganin wasan ba.

Ga wanda bai sani ba, mutum tara-tara ake yi. Mai jifa ya jefo ƙwallo, mai sanda ya buge ta ya zaga da gudu. In ya kuskure sau uku, ya fita. Ƙungiyar da ba ta da mai jifa ba ta da komai, mu kuwa ba mu da shi.

Saura mako biyu wasa, muna atisaye, ƙwallo ta gangara can bakin hanya. Wani ɗalibin sashen noma da ke wucewa ya ɗauka ya wurgo mana. Ban ga tahowarta ba, ƙararta kawai na ji a safar Dakta. Ya cire safar yana yarfe hannu. Ogoshi sunan ɗalibin, mutumin Doma.

"Wa ya koya maka jifa?" in ji Dakta.

"Ba kowa, sa. Gonar shinkafar babana ce. In ban kori tsuntsu da jifa ba, babu abinci."

Ranar wasa baƙinmu suka iso daga wata kwaleji ta kudu, kaya iri ɗaya har hula. 'Yan wasanmu kuwa, rigunan ƙwallon ƙafa muka aro musu. Kyaftin ɗinsu ya fito yana juya sanda yana murmushi. Jifa uku Ogoshi ya yi masa, sau uku sandar ta bugi iska. Na biyu ya zo, haka. Na uku ma haka. Har masu sayar da rake suka bar baro suka matso. Ni da ke riƙe da takardar maki na manta ban rubuta komai ba.

Sun ci mu da maki ɗaya, don namu ba su iya bugu ba tukuna. Amma kocinsu ya tsallako fili ya kama hannun Ogoshi, ya daɗe yana jujjuya shi. Darakta kuwa ya dube ni ya ce, "Malam Isa, layukan nan sun karkace. Gobe a sake ja da farin fenti."

Shekara talatin na yi a aikin nan. Abin da zan gaya muku, ku masu tasowa, shi ne: ba mu muke yin ɗan wasa ba. Da abinsa yake zuwa daga gida. Namu mu buɗe ido kada ya wuce ta bakin hanya.