Kiɗan Gidan Rawa da Ya Kai Mahaifina Juma'a

Shekarun baya ne, farkon dawowar mulkin farar hula, lokacin da aka ɗan taɓa mana albashi har irina ƙaramin ma'aikacin gwamnati ya samu ya ja wata tokumbo ya ajiye a ƙofar gida. Ina zaune a Kubwa da iyalina, kullum da safe in bi sahun dubban mutane mu nufi cikin gari, da yamma mu dawo a jigace. Motar nan ba ta da wani abin a zo a gani, sai dai rediyonta na cin faifan sidi, kuma da wannan nake yi wa 'yan ofishinmu yanga.

Akwai abokina da ke tuƙi a wani ofishin jakadanci a Maitama. Da ogansa Bature ya gama wa'adinsa zai koma ƙasarsu, sai ya bar masa tarkace, ciki har da kwali guda na faya-fayai. Ya kawo mini shi har gida ya dire.

"Mutumina, karɓi kayanka, kai ne mai mota mai cin sidi. Ni na saurara, wallahi ba waƙa ba ce, injin niƙa ne. Oga ya ce wani sunansa trance, wani progressive house. Kiɗan kulob ne na can, wai DJ ne ke harhaɗa waƙoƙin mutane daban-daban ya zuba a faifai ɗaya."

Washegari a cikin gosulo na saka ɗaya, don dai in ji injin niƙan. Ganga ce ke bugawa dum, dum, dum, ba ta sauri ba ta lafawa, wasu sautuka na shigowa a kanta suna fita. Na ce bari waƙar farko ta ƙare in cire. Jama'a, har na isa sakatariya ba ta ƙare ba. Lambar da ke fuskar rediyon tana ta canzawa, alamar an shiga wata waƙar, amma kunnena bai ji inda aka tsaya ba. Ashe mutumin nan yakan shigo da sabuwar waƙa ta ƙarƙashin tsohuwa a hankali, ya daidaita bugunsu, su yi ta tafiya tare, kafin ka farga tsohuwar ta sulale. Kamar ɗinkin hula mai kyau ne, ka juya ka juya ba ka ga inda aka ƙulla zare ba. Akwai kuma wuraren da gangar kan janye gaba ɗaya, a bar ka da wani siririn sauti yana shawagi, sai ya riƙa taruwa yana hawa, yana hawa, sannan ta faɗo gaba ɗaya. Ranar farko da na ji haka tsigar jikina ta tashi, har na bayana ya danna mini ham.

Na kamu, ba ƙarya. Amma a ɓoye nake sha'anina. Ina zuwa get ɗin ofis nake rage murya in gyara hula, don ni ne mai jan sallar azahar idan liman bai zo ba.

A wannan shekarar ce na ɗauko mahaifina daga gida. Tsohon hedimasta ne, mutumin da ya rene mu ba a kunna komai a gidansa sai labarai da karatun Alƙur'ani. Ciwon karkarwa ne ya kama shi bayan rasuwar mahaifiyarmu. Rawar hannun ba ta dame shi ba kamar ƙafa. Zai miƙe lafiya lau, ya yi niyyar tafiya, sai ƙafafun su manne da ƙasa. Yana ganin ƙofa, ya san ƙofa ce, amma ya kasa zuwa. Likitan da ke duba shi a cikin gari ya ce dole ya zauna kusa, ana ganinsa ana daidaita magani.

Ya haƙura da komai, ban da abu ɗaya. Masallacin Juma'ar unguwarmu yana tsallaken titi, daga tsakar gida muna jin huɗuba. Na ce in kai shi a mota, ya ce daga mota zuwa sahu fa, cicciɓarsa za a yi a gaban jama'a? Na aro keken guragu, ko kallonsa bai yi ba. Duk Juma'a sai ya yi wanka ya saka fararen kaya ya zauna bakin gado, a idar da salla yana zaune. Ran nan na dawo daga masallaci ya kira ni.

"Zauna. Wata na kamawa ka mai da ni gida."

"Baba, wa zai kula da kai a can? Ga asibiti..."

"Allah. Tunda na balaga ban taɓa jin huɗuba daga kan gado ba sai a garin nan naku. In zaman jiran mutuwa ne, gara in yi shi a ɗakina."

Na san mahaifina, in ya faɗi magana ta zauna. Na kuma san in ya koma, babu magani, babu mai ɗaga shi in ya faɗi. Tsoro ya kama ni ƙwarai, na rasa ta inda zan ɓullo masa.

Wata Asabar da hantsi ina wanke mota a tsakar gida, na buɗe ƙofofinta duka na saki faifan nan. Na ɗauka Baba barci yake. Ina cikin goge taya sai na ji muryar hedimasta a kaina.

"Kai! Wane irin shashanci ne wannan a gidan mutunci? Kashe shi!"

Na zabura zan kashe, sai matata ta saki tsintsiya ta riƙe baki. "Baban yara, kar ka kashe! Baba, wa ya kawo ka nan?"

Muka yi cirko-cirko. Daga ɗakinsa zuwa inda motar take sai ka ratsa falo, ka sauko baranda, ka ƙetare tsakar gidan gaba ɗaya. Ga shi tsaye shi kaɗai, ba sanda, ba kowa. Shi ma ya waiwaya ya dubi ƙofar da ya fito, ya dubi ƙafafunsa. Fushi ne ya tashe shi, amma gangar nan ce ta kawo shi, taku ɗaya a kan kowane bugu, bai ma sani ba. Ni dai soso na hannuna kumfa na ɗiga, ba abin da nake iya faɗa sai ikon Allah, ikon Allah.

Da muka gaya wa likita bai yi mamaki kamar mu ba. Ya ce ciwon yakan ɓata abin da ke ba ƙafa lokaci daga ciki, to wasu in suka samu bugu tsayayye daga waje sai su bi shi. Baba ya ce to a nemo masa na mutunci. Na kwaso kaset-kaset na bege da waƙoƙin wa'azi. Ina! Mai waƙa ya ja nan, ya sassauta can, ga shirun da ake bari tsakanin waƙa da waƙa. Duk inda aka yi shirun sai Baba ya ƙame, sau ɗaya ma saura kaɗan ya kifa. Matata har turmi ta gwada daka masa, hannunta ya gaji kafin ya kai baranda. Abin da dai ba ya gajiya kuma ba ya yankewa shi ne faifan mutanen kulob.

Da la'asar ya kira ni.

"Akwai batsa a ciki?"

"Babu, Baba. Yawanci ma ba a magana."

"Likita ya ce magani ne?"

"Haka ya ce."

"To lalura ce. Kawo."

Na samo 'yar na'urar sidi ta hannu da iyafis, abin nan da ake maƙalawa a kunne. Muka fara atisaye a tsakar gida safe da yamma, daga baranda zuwa get mu dawo, iyakarmu ke nan, don haka farkon faifan kawai muke ji. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne batir, yau na saka sabo gobe ya mutu. Na tambayi matata ta ce ita ba ruwanta, in tambayi mai shan maganin. Ban tambaya ba.

Juma'ar ƙarshe kafin wata ya kama, ya ce yau za shi. Ya saka farar jamfa, ya yafa hirami a ka ya rufe kunnen da iyafis yake. Na'urar in ta girgiza tsalle take yi, don haka ni na ɗauke ta a tafin hannu kamar mai ɗauke da kwanon kunu cike, ɗaya iyafis ɗin a kunnena don in san abin da yake ji. Ya hana ni riƙe masa hannu. Wayar nan ce kaɗai ta haɗa mu.

Muka fita get, muka bi layi. Dum, dum, dum, Baba na tafiya, kai a miƙe, har yana amsa gaisuwa. Mai rake ya ce, "A'a, Baba, yau da kanka?" Ya ɗaga masa hannu. Ni kuwa zuciyata fal, ina ta haɗiye hawaye. Muka wuce inda muka saba juyawa, faifan ya shiga wurin da ba mu taɓa kaiwa tare ba. Muka sa ƙafa a kwalta, muka kai tsakiyar titi.

Sai gangar ta janye.

Na san wurin, nan ne tsigar jikina ke tashi a mota. Amma ko sau ɗaya bai zo mini a rai cewa a nan zai riske mu ba. Siririn sautin nan ya rage shi kaɗai, Baba ya ƙame a tsakiyar titi. 'Yan acaɓa suka fara kewaye mu, wata bas ta taho tana ham kamar za ta hau mu. Na kai yatsa zan danna a tsallaka waƙa ta gaba.

"Kar ka taɓa," in ji Baba, ko juyowa bai yi ba.

"Baba, motoci..."

"In ka yanke zan rasa ta. Ba tafiya ta yi ba, tana nan a ƙasa. Za ta dawo."

Wani Inyamuri mai shagon kayan gini ya fito da gudu ya tsaya gaban bas ɗin ya ware hannuwa. "Oga direba, ka tsaya mana! Ka bari Baba ta wuce!" Direban ya leƙo zai yi masifa, ya ga farin gemu da fararen kaya, ya koma ya kashe ham. Titi ya yi tsit. Na dubi hannun Baba, hannun nan mai rawa, sai na ga babban yatsansa na tura carbi ɗaya bayan ɗaya, daidai inda gangar za ta buga da tana nan. Leɓensa na motsi. A kunnena sautin ya fara taruwa, yana hawa, yana hawa, har na ji numfashina ya tsaya.

Tana faɗowa ya ɗaga ƙafa. Wallahi tare suka sauka, ko ƙiftawar ido babu tsakani. Ya ƙarasa titin nan kamar hedimasta zai shiga asambule, mai shagon na tafa masa.

A ƙofar masallaci ya zare iyafis ɗin ya miƙo mini. "Wannan iyakarsa nan." Na ce a raina shi ke nan, yanzu za a yi cicciɓar da yake gudu. Ya ɗan tsaya, ya fara hailala ƙasa-ƙasa a kan bugun nan, ya cire takalmi, ya taka har cikin sahu. Ban san me liman ya faɗa a huɗubar ranar ba, kuka na yi ta yi a bayansa.

Da muka dawo ne matata ta fasa ƙwai. Ashe ina fita ofis yake sa ta kunna masa, ya zauna ya saurari faifan daga farko har ƙarshe, ya sake. Ya ce shi ba ya shan maganin da bai san abin da ke cikinsa ba. Ni da nake ganin ni ne gwanin kiɗan, daɗinsa kawai nake ji. Shi ya san duk inda gangar ke ɓuya da inda take fitowa.

Wata ya kama, bai tayar da maganar komawa ba, ni ma ban tuna masa ba. Ya zauna tare da mu ya ci gaba da ganin likita, ya yi Juma'o'i masu yawa da ƙafarsa kafin ciwon ya fi ƙarfin ganga, daga baya Allah Ya karɓi abinsa. Shi da kansa ya riƙa ba baƙi labarin yana dariya, shi ya sa ban ji nauyin ba ku ba.

Har yau abin na ba ni mamaki. Wani mutum can a ƙasar sanyi, wanda ban san fuskarsa ba, ya zauna ya jera waƙoƙi ya ɓoye gaɓoɓinsu don kada 'yan rawa su tsaya, ashe hanya yake shimfiɗa wa wani tsoho a Kubwa zuwa masallaci. Faifan yana nan a wurina, duk ya karce. In na saka shi aka zo wurin da gangar ke janyewa, har yanzu riƙe numfashi nake yi.

Na tuna wata rana muna dawowa daga Juma'a ya tambaye ni, "Wai shi wanda ya haɗa abin nan, Musulmi ne?"

Na ce, "Anya, Baba. Da wuya."

Muka ɗan taɓa tafiya, sannan ya ce, "To Allah Ya shirye shi, Ya saka masa da alheri. Ko ɗinki ɗaya bai bari na yi tuntuɓe da shi ba."

Na ce amin. Har yau in na yi wa Baba addu'a, sai na haɗa da mutumin nan.