Ranar da Rafi Ya Tafi da Ayuba

Ranar wata Alhamis ce cikin watan Agusta, shekarar da nake aji huɗu a firamare, rafin da ke bayan ƙauyenmu kusa da Manga ya tafi da ƙanena Ayuba. An tashe mu daga makaranta da wuri saboda hadari ya haɗo. A wajenmu ko ɗigo bai sauka ba, ashe a kan duwatsu an riga an sheƙa ruwa. Muka iske rafin ja wur, iya gwiwa. Na ɗora jakar littattafanmu a ka, na riƙe hannun Ayuba, muna tsakiya sai na ji ƙugi kamar babbar mota na tahowa. Ban san lokacin da hannunsa ya suɓuce ba. Shekararsa bakwai.

Babanmu tsohon soja ne, kuma dattijo a majami'a. Shi ke buga ƙarfen sujada ranar Lahadi, kuma ba a fita gona a gidanmu sai ya yi mana addu'a a gindin rumbu. In muna noman dawa yakan tsaya ya nuna tuddai da fartanya ya ce, "Wanda ya ajiye waɗannan bai nemi taimakon kowa ba." Amma mutumin nan da bakinsa ba ya gajiya da faɗin girman Allah, shekara shida ba ya gaisawa da ƙanensa, Baba Bulus, a kan kunya biyu ta iyakar gona. Ya sa darni ya raba gidan kakanmu biyu. Ya hana mu langa da carafke da 'ya'yan Baba Bulus, ko kiwon awaki ba ma zuwa tare. Ayuba kaɗai ne ba ya jin hani. Akwai wata kafa a gindin darnin da yake ratsawa ya je ya ci dafaffiyar gyaɗa, ya dawo ya sha bulala, gobe ya koma.

Baba Bulus ne ya ji ihuna a ranar, yana ciyawa a gonarsa. Ya jefar da lauje ya faɗa ruwan da rigarsa. Shi da mazan ƙauye suka bi gaɓa har la'asar, kafin ya samo Ayuba a maƙale cikin saiwar wani itace. Ya saɓo shi a kafaɗa, ƙafafunsa duk jini, ya shigo ta ƙofar da shekara shida bai taka ba, ya shimfiɗe shi gaban Baba. Mama ta fashe da kuka.

Lahadin da ta biyo bayan binnewa, fasto ya gama wa'azi sai Baba ya miƙe. Ya fara da Hausa, sannan ya koma yarenmu na C'lela. "Na daɗe ina gaya muku Allah babba ne," in ji shi, "amma na mai da kaina na fi shi. Shi ya gafarta mini, ni na ƙi gafarta wa ɗan uwana. Yaron da nake duka ya fi ni sanin hanyar Yesu." Sannan ya ratsa tsakiyar jama'a ya durƙusa gaban ƙanensa. Baba Bulus ya ruɗe yana cewa, "Haba Yaya, tashi, tashi mana," har shi ma ya durƙusa.

Washegari Baba ya tumɓuke darnin da hannunsa. Ban sake ganin bulala a hannunsa ba. Amma sulhu bai dawo mana da kowa ba. Mama ta yi watanni tana zuba tuwo a ƙaramin kwano kafin ta tuna. Ni kuwa na daina magana, na daina cin abinci, har wata yamma ina sussukar dawa Baba ya zauna kusa da ni ya ce, "Saratu, ba ke kika sake shi ba. Kada ki ɗauki kayan da Allah bai ɗora miki ba." Ranar na fara kuka.

Yanzu Baba da Baba Bulus duk sun rasu. Ina zaune a cikin garin Zuru, majami'armu ta siminti ce, da lasifika da kayan kiɗa, muna ɗaga murya muna yabon girman Allah har maƙwabta su ji. Sai dai a zumuntar mata akwai wata da muka saɓa tun bara, kowace Lahadi nakan zaɓi bencin da ba za mu haɗa ido ba. Na kai shekarun Baba na wancan lokaci, kuma na san abin da ya kamata in yi. Ina roƙon Allah kada sai an yi rashi kafin in yi shi.