Zabuwar Gwadabe da Dokar Juya Buhu

Ana ta yaɗawa a tashar Magama wai Badamasi mai ɗinkin buhu ya kafa wa zabi doka. Wai duk zabuwar da za ta tsallaka iyaka zuwa Maraɗi sai ta tsaya a rumfarsa, ta ɗaga ƙafa ɗaya, ya buga mata hatimi, in ba haka ba 'yan duwan, wato kwastan na Nijar, su koro ta gida. Wani direban kamyo, babbar motar kaya, ma ya rantse ya ga zabi arba'in sun yi layi, har wata ta saki ƙwai saboda tsawon jira. To, ƙarya ce. Ni taubashinsa ne, uwarsa ƙanwar ubana ce, kuma tun da rabin gishirin labarin ni na zuba, ni ya kamata in rage. Doka dai akwai ta. Zabuwa ma akwai, amma ta shuni ce, ba ta taɓa cin tsaba ba.

Asalinta daga marigayi Gwadabe ne, mahaifin Badamasi. Shi Gwadabe bai yi boko ba, don haka idan ya ɗinke buhun hatsi ba ya rubuta suna, sai ya tsoma tsinke a shuni ya zana zabuwa tsaye da ƙafa ɗaya. Kuma ba kowane buhu yake zana wa ba. Sai ya cusa hannu har gwiwa, ya ɗebo na ƙasa, ya ciji ƙwaya ya ji ta ce ƙas, ya tabbata babu tsakuwa, babu ƙwaro, babu danshi. Da haka aka wayi gari daga Jibiya har bayan Maraɗi, buhun da ke da zabuwa ba a kwance shi a duba.

Badamasi ya gaji basilla, ya gaji tukunyar shuni, ya gaji taurin kai. Shekara talatin ke nan yana zaune a kan buhu guda a rumfa guda, har buhun ya ɗauki siffarsa. Haƙoransa na gaba sun cinye rabi wajen cizon wake. Ba ya son kome a duniya illa shayi mai kauri, da rediyo, da a bar shi ya yi aikinsa. An taɓa yi masa tayin sarautar 'yan ɗinki, ya ce shi zaman taro yana sa masa ciwon baya.

Shekara uku da suka wuce sai ga Peace, ɗiyar Haggai na Gangara. Haggai tsohon abokin cinikin Gwadabe ne, dawarsa duk a wannan rumfa ake ɗinke ta. Peace ta yi karatun na'ura, ita da wasu abokanta na Katsina da Maraɗi da Damagaram sun haɗa wata manhaja ta waya mai suna Rumbu. Magana take yi da Hausa, tana gaya wa manomi yadda zai shanya wake, yadda zai gane ya bushe, da yadda zai ɗaure shi a buhu mai leda ya shekara ba tare da ya zuba magani ba. Kyauta ce, kuma a buɗe suka bar ta: duk rubutun da aka gina ta da shi yana fili, wanda ya so ya kwasa, ya gyara, ya ƙara, ya raba wa mutanensa.

Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Baba, tambari muke nema. Mun zana rumbu ya fito kamar hula, mun zana zangarniya ta fito kamar tsintsiya. Ka ara mana zabuwa."

Ya dube ta ta saman tabarau. "Abin naku, akwai tsakuwa ciki?"

Sai da ta zauna wuni biyu tana kunna masa manhajar, yana saurare yana gyara mata. Inda ta ce a shanya kwana uku, ya ce a faɗi cewa sai haƙori ya shaida. Da ya gamsu, ya zana mata zabuwar a bayan kwalin sukari, ta ɗauki hoto. Daga ranar zabuwar Gwadabe ta shiga waya. Badamasi ya ce bai damu ba, amma na sha kama shi yana karɓar wayar baƙo wai zai duba lokaci, alhali zabuwa yake leƙe.

Ana nan, bayan kakar bara, sai ga Tasalla daga Daddara, tsohuwar da ke noman wake tun kafin a haife mu. Ko sallama ba ta ƙarasa ba ta dire masa ƙwaryar wake a gaba.

"Badamasi ɗan Gwadabe, shinshina."

Ya shinshina, ya yi atishawar da ta tashi tantabarun kasuwa.

"Zabuwarka ta ce in zuba," in ji ta. "Hannu biyu kowane buhu. Yanzu ko akuyata in na ba ta sai ta juya mini baya. Da ubanka na da rai, da wanga abu bai faru ba."

Ta miƙo masa ƙullin farar hoda, ga zabuwa a jikin ledar tsaye da ƙafa ɗaya. Ta miƙo waya, ga ta nan kuma. Da aka bi sawu, ashe Mudathir mai shagon maganin ƙwari ne ya sa aka kwaso masa Rumbu, aka sauya mata magana. Inda take cewa a ɗaure leda tam, ta koma cewa a zuba hodar Mudathir. Zabuwar kuwa ya bar ta inda take, har ya buga ta a ledojinsa.

Ranar Badamasi bai sha shayi ba, wanda a tarihin Jibiya ba a taɓa gani ba. Ba waken ne kaɗai ya dame shi ba. Alamar da ubansa ya yi shekara hamsin yana cizon ƙwaya kafin a yarda da ita, ga ta tana tallan abin da akuya ta ƙi. Idan maganar ta kai Maraɗi, gobe sai a fara kwance buhunsa a duba.

Ya sa aka kira Peace. "Ɗiyata, maido mini tsuntsuwata. Ku koma ma tsintsiyarku."

Ta ce, "Baba, in ka ce a cire, za a cire. Amma mata nawa ne ba su iya karanta sunan ba, zabuwar suke nema su danna? Kuma ko mun cire, ta Mudathir tana nan. Sai ya zama shi kaɗai ke da ita."

"To ku hana shi ɗaukar abin naku mana."

"Ba mu iyawa, kuma ba mu so. Don a ɗauka muka yi shi. Wasu mutanen Damagaram sun ɗauka sun ƙara bayanin albasa, ya yi kyau. Tambarin ne ba mu sa wa ƙa'ida ba. Tun kafin ka kira ni, sati uku muna gardama a kansa, na Maraɗi sun rubuto shafi tara da Faransanci, na Katsina sun mayar da goma sha biyu da Turanci. Wasu sun ce a hana kowa, wasu sun ce a bar kowa."

Hannun Badamasi dai bai tsaya ba, domin wani manomi ya kawo gero a zuba masa a tsohon buhu mai alamar wani ɗan kasuwa. Ya cusa hannu ya kamo gindin buhun, ya fizgo, ciki ya koma waje, alamar ta shige ciki. Haka ake yi a kasuwar nan tun kaka da kakanni: buhu na kowa ne, ana ara, ana sayen tsoho, amma in za ka zuba naka a buhun wani sai ka juya shi. Ya tsaya da buhun a hannu ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ce da ni, "Kai, marar aikin yi, samo mini buhun Mudathir."

Na samo, mai alamar taurari biyu. Ya cika shi da ƙaiƙayi da tsakuwa da ɗan kashin awaki, ya watsa wake mudu ɗaya a sama, ya ɗinke shi ɗinkin amarya. Muka ɗora a babur ɗina, muka dire a bakin shagon Mudathir ranar kasuwa. Badamasi, mutumin da bai taɓa talla ba, ya buɗe murya: "Ga wake na Mudathir! Ku duba alama, ba sai an kwance ba!"

Mudathir ya fito da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa. Ya soka yatsa a buhun, tsakuwa ta zubo.

"Haba Malam Badamasi! Mi na yi maka? Wanga ai cin mutunci ne! In za ka zuba shararka, ba sai ka juya buhun ba?"

"Ashe ka san ana juyawa," in ji Badamasi. Ya zaro ƙullin hodar daga aljihu ya ɗora a kan buhun, zabuwar tana kallon sama.

Mudathir ya dubi leda, ya dubi buhu, ya dubi jama'ar da suka taru, cikinsu har da Tasalla riƙe da ƙwaryarta. Ya sosa ƙeya ya ce shi an ce masa abin kyauta ne, kowa na iya ɗauka.

"Buhun kyauta ne. Shaidar ba kyauta ba ce," in ji Badamasi.

A wannan yammacin Peace ta zauna a rumfa tana rubutawa, shi yana faɗa yana ɗinki. Wanda zai raba Rumbu yadda take, bai taɓa cikinta ba, ya sa zabuwa a takarda ko a bango, ba sai ya tambayi kowa ba. Wanda ya sauya ko da kalma ɗaya ta shawarar da ke ciki, ya juya buhu: ya cire zabuwa, ya sa nasa suna da tasa alama, in ya so ya faɗa da baki cewa daga Rumbu ya samo iri. In kuma yana son gyaransa ya hau zabuwa, ya kawo a cusa hannu a ciji ƙwaya tukuna, kamar yadda na Damagaram suka yi daga baya. Kayan sayarwa kuwa, hoda ce, taki ne, ko ruwan leda, zabuwa ba ta hawa. Peace ta ce ya isa, ya ce saura ɗaya: kada wanda ya sauke mata ƙafa ko ya sa mata hula, don ya ga wani mai shagon caji ya yi mata tabarau. Shafi ashirin da ɗaya suka koma rabin shafi. Na Maraɗi suka juya shi Faransanci, na ji an ce wurin juya buhu ya ba su wahala sai da suka zana hoto.

Mudathir ya ƙone ledojin da hannunsa, ya sauya wa Tasalla wakenta da mai kyau, tasa manhajar yanzu taurari biyu ne a kanta, mai so ya danna. Har yau buhu mai zabuwa yana wuce Magama ba a kwance shi. Badamasi ya koma kan shayinsa, ya ƙara cokali guda na sukari.

Shekaranjiya na je rumfar da gwangwanin fenti. Na ce, "Ranka ya daɗe Sarkin Zabin Jibiya da Maraɗi, mai hatimi a ƙafar tsuntsu, bawanka yana neman izini. Zan zana zabuwa a tankin babur ɗina, in kuma ka yarda har a bayan rigata. Ni ba hoda ba ne, ba taki ba ne, ba wanda ya sauya mini magana. Wace doka ta hana?"

Bai ko ɗago ba. Ya ja zare, ya datse da abin da ya rage na haƙoransa.

"Ta Gwadabe, wadda ba a rubuta ba. Shekara arba'in ina cusa hannu a kanka har gwiwa, ban taɓa ɗebo ƙwaya ɗaya ba. Ba a yi ma buhun wofi shaida."