Tsayuwar Jarumi ta Kawu Bukar

Duk wanda ya zauna a Shahuci ya san Kawu Bukar, yayan mahaifiyata, da tsayuwarsa ta bayan asuba a tsakiyar zaure: ƙafa ɗaya gaba a lanƙwashe, ɗaya baya, hannaye sama kamar mai tsinko mangwaro. Yoga ce, wai. A Indiya ya koyo ta da ya je neman maganin ciwon baya, ya dawo yana kiranta tsayuwar jarumi.

Maƙwabcinsa Malam Sani ya taɓa tsare shi: "Alhaji, wannan ba bautar Indiyawa ba ce?"

"Ƙuguna nake miƙewa, Malam, ba imanina ba. Istigfari ma nake yi a ciki. Kai da ba ka yi, ba ga shi sai an ɗaga ka daga tabarma ba?"

Mu yaran gida kuwa labarin tsayuwar muke so. Wai a addininsu, wani sarki ya shirya babban biki ya ƙi gayyatar mijin 'yarsa, wanda yake cikin ababen bautarsu. Baƙin ciki ya kashe 'yar. Mijin ya fizgo gashin kansa ya buga da ƙasa, wani jarumi ya fito ya sare kan sarkin. Da mijin ya huce, ya raya sarkin, amma da kan akuya.

"Ma'anar," in ji Kawu, "girman kai ake sarewa."

Sai mu kalli juna. Shi kansa ya daɗe yana gaba da Lawan, mijin 'yarsa Falmata, don Lawan ɗin ya taɓa gaishe shi daga kan babur bai sauko ba. Da za a yi bikin ƙanenta, Kawu ya hana a gaya wa Lawan. Falmata ta aiko tana kuka cewa ita ma ba za ta ƙara tako gidan ba.

Washegari yana cikin tsayuwarsa, Hajiya matarsa ta leƙo. "Alhaji, a labarin nan naka, wa aka maƙala wa kan akuya? Mijin ko uban yarinyar?"

Kawu ya sauke hannu, ya shafa wuyansa. Ni na goya shi a babur har ƙofar gidan Lawan, ya kuma ƙi saukowa.

"Ina kwana, Lawan? To, mun yi canjaras. Kawo min 'yata."

Lawan ɗin ne ya yi jinyarsa har ƙarshe. Ina kewarsa ƙwarai. Allah ya jiƙan Kawu, ya sauƙaƙa masa tsayuwar ranar alƙiyama.